Iri Ya Iso, Mota Ba Ta Iso Ba

Ruwan farko ya sauka a Mayahi gab da asuba, irin ruwan da ke sa mutum ya saɓa sungumi bai ko karya kumallo ba. Kafin hantsi garin ya zama wayam. Mai shayi ya kife kofunansa, ƴan dako sun watse, har mai gadin mangaza, ɗakin ajiyar kayan ƙungiyar manoma, ya jingine sandarsa ya kama hanyar gona. Malam Na Allah kaɗai ya rage, zaune gaban ordinata, wato kwamfuta, ƙafarsa sai kaɗawa take ƙarƙashin tebur.

Shi ke riƙe da mangazar. Duk kayan da ƙungiya ta yi oda, layinsu kan fito a fuskar na'urar da launin rawaya, alamar suna hanya. In mota ta iso, sai ya duba buhu-buhu, ya ƙirga, ya ware wanda ya yage ko ya jiƙe, sannan ya danna wurin karɓa, layin ya koma kore. Ofishin Maraɗi na ganin wannan daga can. Yau layi ɗaya ne rawaya: irin gero mai saurin nuna, wanda direba Halilu ya ɗauko da kamiyon, babbar motar kaya, daga Tasawa tun jiya.

Gonar Na Allah tana wani ƙauye kusa da garin Sarkin Hausa, kan jigawa. Ƙasar ba ta riƙe laima. In rana ta buga ta yau ta buga ta gobe, sai a jira wani ruwan. Bara haka ya jira, geronsa ya fito a makare, damina ta ɗauke ta bar shi da zangarniya mara ido.

Ya tashi ya leƙa titi. Ya dawo ya zauna. Ya sake tashi ya share gaban mangaza, wanda ya riga ya share. Sannan ya kira Halilu.

"Kana ina?"

"Ga ni nan, Malam Na Allah. Ina ma hangen antenar Mayahi."

"Tun ɗazu kake hangen ta."

"To, doguwa ce, mi zan yi mata?"

Bai gama aje salular ba ta sake ƙara. Mairo ce, matarsa, muryarta haɗe da iska.

"Malam, halan kana hanya? Gonar su Sufyan an kusa rabi. Mu kaɗai muka yi saura, ni da ƙwarya muna kallon juna."

"Ina nan tahe."

"Kai ma ka koyi maganar direbobi," ta ce, ta kashe.

Ya tsura wa layin ido. In ya rufe mangaza layi na rawaya, Madam Asiya ta ofishin Maraɗi za ta kira ta tambayi inda yake. In kore ne, ba mai neman sa sai gobe. Halilu kuwa ya san wurin. Zai iya aje kamiyon a harabar, ya kwana ciki yadda ya saba, da dare a sauke a ƙirga. Kaya dai suna tafe. Me ya rage tsakaninsu da mangaza in ba ɗan guntun titi ba?

Ya danna. Na'urar ta tambaye shi ko ya tabbata an karɓi kayan duka. Ya danna kuma. Layin ya koma kore shar. Ya ja ƙofa, ya ɗaure sungumi a bayan moto, babur ɗinsa, ya fita garin kamar ana korar sa.

Hanyar ta yi laushi, ƙamshin ƙasa na tashi. Ko'ina ya duba mutane ne a jere, maza na sara a gaba, mata da yara na jefa iri suna rufewa da diddige. Zuciyarsa ta fara sauka. Ya yi nisa sosai, har ya fara gane itatuwan ƙauyensu, sai ya ga amalanke tafe. Bayanta wata. Bayan wannan kuma jaki, da wata amalanken. A ranar shuka, mutane sun ba gonaki baya sun nufi birni.

Ya rage gudu. Wanda ke zaune a ta gaba, da malafa da carbi a wuya, Malam Isufu ne, mahaifin Mairo. Na Allah ya kashe moto ya sauka, ya tuɓe takalma, ya durƙusa a gefen hanya.

"Baba, ina kwana. Ya ruwa?"

"Ruwa ya yi gyara. Ka rufe mangazar ne?"

Kafin ya amsa, Danda ya diro daga amalanke ta biyu. Taubashinsa ne, ba ya ganin sa bai ja shi da tsiya ba.

"Kai, bawana, juya! Ina za ka da sungumi kamar manomin kirki? Hindatu ta bi gida-gida ta ce saƙo ya shigo salularta, iri ya shiga mangaza. Mun bar gonaki a buɗe, mun ce bana ba mu zuba tsohon iri."

Hindatu ce wakiliyar ƙungiya a ƙauyen. Tun da aka sabunta tsarin, duk layin da ya koma kore, saƙo kan tafi kai tsaye ga wakilan ƙauyuka. Ya san da haka. Sai dai kullum yana dannawa ne buhuna na jibge a bayansa, bai taɓa damuwa da inda saƙon ke zuwa ba.

Ya dubi ƙasa. Ya dubi ƙafafunsa, duk taɓo. Mutane sun kewaye shi.

"Baba, irin bai iso ba. Ni na danna mota tana hanya, don in samu in yi shuka."

"La ilaha!" in ji wata tsohuwa daga kan jaki. Danda ya buɗe baki, ya ga fuskar Malam Isufu, ya rufe.

Malam Isufu bai ɗaga murya ba. "Ina motar take?"

Na Allah ya kira Halilu. Danda ya fizge salular.

"Kai mai hangen antena! Faɗi gaskiya, dattawa na ji. Kana ina?"

Halilu ya sassauta murya. "Ina kwarin nan na gabas da gari. Tun safe ƙafafun baya suka nutse. Na ce ko ruwan zai janye."

Malam Isufu ya taɓa san da ke jan amalankensa da sanda. "Mu tai can," ya ce. Bai sake duban surukinsa ba.

Na Allah ya juya moto. Ga kan kukar ƙauyensu yana gani, ya ba ta baya. Ba ya iya wuce amalanken suruki ya bar shi, ba ya kuma iya tafiyar shanu. Sai ya yi gaba ya tsaya, ya dawo, ya sake yin gaba, yana duban rana tana hawa, gefen hanya yana fari.

Azahar ta gota kafin su isa. Kamiyon ya karkace a tsakiyar kwarin, ruwa ja na wucewa ta ƙarƙashinsa, Halilu na zaune kan rufi da butar shayi. Matasa suka naɗe wanduna suka shiga, ruwan har cinya. Na Allah ya hau bayan motar ya yaye tamfol. Duk buhun da za a ɗora wa mutum a ka, sai ya juya shi, ya duba ɗinki, ya cusa hannu ƙarƙashi ya ji, sannan ya ja layi a bayan takardar da Halilu ya zo da ita.

"Yau kuma mi ya same ka?" in ji Danda daga cikin ruwa. "Da sahe ba ka ga buhu ba ka ce sun cika. Yanzu kana ganin su kana shinshina ɗaya-ɗaya. Danna mana kawai mu wuce!"

Aka yi dariya, ban da Na Allah. A can ƙasa, ta gefen da motar ta karkata, buhuna da dama sun sha ruwa, har irin ya fara kumbura. Ya ware su gefe. Sannan ya hau kan tudu inda rezon salula ke kamawa, ya kira Maraɗi.

"Madam, ina son a buɗe mini layin irin nan. Akwai waɗanda suka jiƙe, sai an cire su."

"Layin da ka rufe tun safe? Ka karɓe su a bushe, suka jiƙe a mangaza?"

"A'a. Ban gan su ba na karɓa. Yanzu nake ganin su."

Ya ji ta ja numfashi. "Zan buɗe. Jibi ka zo ofis, akwai magana."

Amalanken ƙauyensu suka tashi da la'asar, kowa da rabonsa. Shi bai samu binsu ba. Rabon ƙauyen Issawane na nan cikin motar, kuma su ma saƙon ya je musu. Sai da aka ɗaura shanu aka jawo kamiyon, aka kai sauran mangaza, ya kunna na'urar ya shigar da abin da hannunsa ya taɓa, masu kyau daban, jiƙaƙƙu daban. Ya bar wa mai gadi, da ya dawo daga gona, saƙon mutanen Issawane, ya ɗaura rabon irin gidansa a baya, ya sake hawa moto.

Rana ta yi ja ya isa gona. Mairo na zaune bakin iyaka, ƙwarya a gabanta. Ta shuka gangaren da tsohon iri, ita da ƙannenta. Tudun duka yana nan ba a taɓa ba.

"Sannu da zuwa, mai na'ura," ta ce. "Labarinka ya riga ka."

Ya durƙusa ya cusa hannu cikin yashin. Saman ya bushe, yana zubewa tsakanin yatsu. Sai da ya kai wuyan hannu ya ji sanyi.

Malam Isufu ya biyo ta hanyar iyaka, sandarsa a kafaɗa. Shi ma gonarsa ba ta ga ko rami ɗaya ba yau. Ya tsaya daga nesa, yadda suruki ke tsayawa, yana magana kamar da gonar yake.

"Gobe in an yi sallar asuba a fara da tawa. In an gama a dawo nan, in laimar ta jira."

"To, Baba."

Ya wuce. Salular Na Allah ta yi ƙara a aljihu. Halilu ne.

"Malam Na Allah, an ce in shaida maka, gobe zan kawo takin zamani. Da sassafe kana buɗe ƙofa za ka gan ni."

"In ka iso ka danna odar mota a bakin ƙofa," in ji Na Allah. "Sai na ji da kunnena."

Ya kwance sungumin daga bayan moto. Akwai sauran haske kaɗan. Ya hau tudun ya fara sara, yana nitsa ƙarfen fiye da yadda ya saba don ya kai ga laimar. Mairo ta dube shi, ta ɗauki ƙwaryar, ta zuba sabon iri, ta bi bayansa.