Tawadar Ƙidaya a Yatsan Hambali

"Ba inda za a kai shi," na ce.

Motar Haladu tana tsaye a bakin hanya, bai kashe inji ba. Talata da Juma'a kaɗai take bi ta garinmu, Gidan Marke, zuwa Birnin Kudu, kuma ranar Talata ce. Turai, matar maƙwabcina Hambali, ta riga ta ɗaure tabarma da tukunya da ƙullin gari. 'Ya'yansa biyu, Sabo da Abu, sun fito da shi zaure. Ƙafarsa ta dama ta kumbura ta yi kamar turmi.

"Mai unguwa, kububuwa ce fa," in ji Turai daga bayan ƙyaure. "A ƙarƙashin damin dawa ta sare shi. Sabo ya kashe ta, kowa ya gani."

"Na gani. Gobe masu ƙidaya za su zo. A ƙidaya shi, sannan ku tafi."

"Gobe da wace mota?"

Na kau da kai. Ba na jayayya da mace a ƙofar gida.

Shekarar babban fari ce, lokacin soja. Gwamnati ta ce za a ƙidaya mutanen ƙasa kakaf. Dagaci ya tara mu masu unguwanni bayan ya dawo daga Gwaram, ya ce ya ji za a gina asibitin sha-ka-tafi guda ɗaya a yankinmu, kuma garin da ya fi yawan jama'a shi zai samu. Ko mu, ko Rafin Gawo. Ya ce duk wanda aka ƙidaya a wani gari, ya zama na can. Kada kowa ya motsa har a gama.

In Hambali ya tafi asibiti, ba shi kaɗai zai tafi ba. Da Turai, da 'ya'yan biyu, da matar Sabo mai dafa musu abinci. Mutum biyar kenan za mu ba Birnin Kudu kyauta.

Ni na binne 'ya'yana uku a mako ɗaya, shekarar baƙon dauro. Ba wanda zai koya mini amfanin asibiti a kusa.

Hambali ya ɗago kai daga tabarma. Tare aka yi mana kaciya da shi, danga ɗaya ta raba gidajenmu shekara arba'in.

"Sada, tun muna yara kake son a ce naka ya fi yawa," ya ce. "Yanzu da ni za ka cike gurbi?"

"Kai ma rabin mutum za a rubuta."

Ya yi dariya har ya riƙe ƙafar. "Ku mayar da ni ciki. Mai unguwa ya yi magana. A kira Bappa mai maganin maciji, ai bai mutu ba."

Haladu ya leƙo daga mota. "Za ku ko ba za ku ba? Rana tana yi!"

Na ɗaga masa hannu. Ya ja mota. Turai ta tsaya da tukunya a ka har ƙarar ta ɓace.

Bappa ya zo, ya yi tsaga a wurin saran, ya shafa magani, ya ba shi jiƙo. Ya ce kwana uku zai taka.

Laraba tun da asuba na sa aka share ƙofar gidana, aka shimfiɗa tabarmi. Hantsi ya yi, ba kowa. Na je bakin hanya na dawo. Na zauna, na kasa zama. Na sake komawa. Na hau dutsen bayan gari ina hangen Rafin Gawo, ba abin da na gani sai awaki. Azahar ta yi, labari ya zo cewa masu ƙidaya suna can har yanzu. Wai mutanen Rafin Gawo sun kwaso dangi daga rugage, layi ya ƙi ƙarewa.

Na shiga wurin Hambali. Tsagar da Bappa ya yi ba ta daina zubar da jini ba. Ya tofa miyau a kasko, ja ne.

"Goro ne," ya ce.

"Yaushe ka ci goro?"

"Kai dai je ka jira baƙinka."

Turai ta wuce ni da ƙwarya cike da tsumma. Ba ta gaishe ni ba. Tun da aka kawo ta gidan ba ta taɓa yin haka ba.

Bayan la'asar Sabo ya same ni a bakin hanya, ya durƙusa.

"Baba Mai unguwa, a yi mana izini mu ɗauke shi a ka zuwa kwalta. Can ba a rasa mota."

"Gobe da safe za su zo."

"Jiya ma gobe aka ce, Baba."

"Ni kake mayar wa magana?"

Ya sunkuyar da kai, ya tashi. Kalma ɗaya ce zan faɗa, su tafi. Na bi bayansa da ido har ya shiga gida. Na riga na yi magana a gaban jama'a, kuma na hana wasu gidaje uku zuwa biki a Surko saboda wannan ƙidaya. Ban faɗa ba.

Sai Alhamis da hantsi suka iso. Wani malamin makaranta ne, Malam Abdulsalami, da jaka a kafaɗa, da soja ɗaya a bayansa. Ban bar su sun sha ko ruwa ba. Na ja su gidan Hambali.

Da malamin ya shiga ɗakin, ya tsaya cak. Hambali yana jingine jikin Abu, jini a gefen bakinsa, idanunsa sun yi ciki.

"Subhanallahi. Me ya same shi?"

"Kububuwa," in ji Sabo. "Yau kwana uku."

"Kwana uku? Me kuke jira?"

"Ku muke jira," in ji Turai.

Malamin ya dube ni. Na dubi takardarsa. "Yi aikinka, Malam."

Ya tsuguna. "Sunan mai gida?"

"Hambali," ya faɗa da kansa, da ƙyar.

"Shekara nawa?"

"Tambayi Sada. Na girme shi da kwana tara, amma ba ya so a sani."

Ba wanda ya yi dariya.

"Mutum nawa ne a gidan?"

"Tara," in ji Turai. "Yi sauri ka rubuta, Malam, tun muna tara."

Ya rubuta. Ya buɗe 'yar kwalba, ya kama babban yatsan Hambali na hagu ya shafa masa tawada, alamar an ƙidaya shi. Hambali ya ɗaga yatsan ya nuna mini.

"Ga rabin mutuminka," ya ce. "An sallame ni?"

"An sallame ka."

Ba mu jira motar Juma'a ba. Muka ɗora shi a gadon kara. Sabo da Abu a gaba, ni da wani a baya. Sojan nan, wanda ko Hausa ba ya ji sosai, ya rataya bindiga ya karɓi wancan na kusa da ni. Tafiyar awa uku ce zuwa kwalta. Rana ta take. Turai tana gefe tana kare masa fuska da faifai. Aka ce in ba wani ya karɓe ni, na ƙi.

Mun wuce rabin hanya, muna jin ƙarar manyan motoci daga nesa, sai Turai ta sauke faifan.

"Ku ajiye shi," ta ce.

Muka ajiye a gindin wata tsamiya. Sabo ya kira shi sau biyu. Na rufe masa ido. Muka juya gadon, muka kama hanyar gida.

Asibitin sha-ka-tafi ba a gina shi a Gidan Marke ba, ba a gina a Rafin Gawo ba. Bayan shekara biyu rediyo ta ce an soke ƙidayar gaba ɗaya. Turai ta koma wurin danginta a Yalwan Damai. Ban tambaye ta ko ta yafe ba, ita ma ba ta ce ba.

Ni da liman muka yi wa Hambali wanka a ranar da ya rasu, kafin la'asar. Jinin duk ya fita. Tawadar ce ta ƙi. Na sa sabulu, na sa toka, na cuɗa har fatar ta yi fari a gefe.

"Bar shi, Mai unguwa," in ji liman. "Ba najasa ba ce."

Na ci gaba da cuɗawa. Ya riƙe hannuna, ya miƙo likkafani.

Na daidaita hannun Hambali a gefen jikinsa. Yatsana, wanda malamin ya shafa wa tawada da muka dawo, yana kan nasa, duka biyu baƙi ƙirin. Liman ya ja farin ƙyalle ya rufe nasa.