Sunan Yaya a Bakin Inna

Jiya da dare wani mafarki na yi, har yanzu bai sake ni ba.

Wai ga ni da Inna a kotun ɗaukaka ƙara, mun je kan shari'ar yayana, wanda shekara huɗu ke nan yana gidan yari a kan laifin da ya rantse bai yi ba. Kotun a cikin rijiya take, amma hawa ake yi a shiga. Ruwan sama daga ƙasa yake tasowa, kowa ya kifa lemarsa ya tsaya a ciki.

Magatakardan kotun bunsuru ne mai tabarau. Ya ce mun taki sa'a, kotunsu aka zaɓa a gwada sabon tsari. An daina takarda. Duk fayil an zuba shi a kwamfuta, takardun kuma ma'aikata sun cinye. Yana magana yana tuƙa, na hango hoton Yaya a gefen bakinsa, saura kunne ɗaya. Ni dama kallo na iya.

Sai ga mu a wani ɗaki mai sanyi. Alƙalai uku na rataye a ƙusa, riguna ne kawai ba kowa a ciki, an sa su a caji. A tsakiya ga wata na'ura kamar firji, da kunnen mutum a jikinta. Bunsurun ya ce yanzu ba lauya, ba jira. Uwar mai ƙara za ta faɗi sunansa a kunnen, fayil ya fito, a saurare shi yau. In la'asar ta yi ba a kira ba, na'ura ta share shi, hukuncin farko ya zauna.

Yaya ɗan fari ne. Tun da na yi wayo ban taɓa jin sunansa a bakin Inna ba.

Ta matsa, ta ja mayafi, ta ce, "Wancan yaron."

Na'urar ta ce tana da wancan yaron dubu goma sha ɗaya, wanne daga ciki? Inna ta nuna ni, ta ce yayan su Rumasa'u. Na'urar ta ce babu.

"Hajiya," in ji bunsurun, "ke kika haife shi ko aro kika yi?"

"Kai taka uwar kiran sunanka take?"

"Mu ba a sa mana suna. Shi ya sa muka ci gaba."

Na ce bari ni in faɗa. Na kai bakina, amma muryar ta zame ta faɗi ƙasa kamar allura, na yi ta lalube. Bunsurun ya ce ko na same ta, ƙanwa ba ta cikin tsarin, sai zagaye na biyu in gwaji ya yi kyau.

La'asar ta shigo da ƙafarta, ta zauna a benci tana kwance takalmi.

Bayanmu layin mata ne, duk iyaye, kowacce ta sunkuyar da kai. Gumin Inna na tashi sama yana ɗiga a silin. Ta dafa na'urar da hannu biyu.

"Mudansir."

Matan suka juya fuska bango.

Na'urar ta ce ta bincika, bakin nan bai taɓa faɗin sunan nan ba ko sau ɗaya, saboda haka wannan ba uwarsa ba ce. La'asar ta miƙe. Wata jar fitila ta kama, ta mutu.

Bunsurun ya lashi tambari ya buga a bango, ya ce alhamdulillahi, an rage cunkoso da ɗaya. Na gaba.

Inna ba ta matsa ba. Ta ci gaba da kiransa, Mudansir, Mudansir, da ƙarfi, irin kiran da ake yi wa yaro in tuwo ya sauka. Ba wanda ya amsa.

Ƙarar injin markaɗen maƙwabta ce ta tashe ni. Inna na tsakar gida tana shara, bakinta a rufe.