Jaka Mai Buɗuwa da Hannu Ɗaya

Sati uku ke nan abincin Baba yana dawowa gida yadda ya fita. Mama za ta dafa da sassafe, ta zuba a kula, ta murɗe murfin da iya ƙarfinta, ta naɗe a tsumma ta yi ƙulli biyu don kada miya ta zube a hanya. Da yamma Baba ya shigo ya dire ƙunshin a ƙofar kicin, ya ce shi bai ji yunwa ba. Wuyansa kuwa sai ƙara tsawo yake yi a cikin riga.

Bara ne ciwon shanyewar jiki ya taɓa shi. Ƙafa ta dawo, baki ya dawo har ya fi da kaifi, hannun hagu ne ya ƙi. A da shi ne babban kafinta a inda suke haɗa gadaje da kujeru. Yanzu an zaunar da shi a sito, yana miƙa ƙusa da gam ga mutanen da shi ya koya wa riƙon zarto. Kuma Baba mutum ne da ya gwammace ya faɗi da a tare shi. Babban ɗansa ya taɓa sayo masa takalmi marar igiya, washegari aka ga takalmin a ƙafar mai gadin layinsu.

Auta, ƙaramar 'yarsu, tela ce, shagonta na bakin titi. Ran nan ta biyo gida bayan ta tashi aiki, ta tarar da Mama zaune a gaban kular, ta zabga tagumi.

"Shekara talatin da bakwai babanku yana cin girkina," in ji Mama. "Yau kuma hannuna ya lalace? Ko dai ciwon ne ke dawowa yake ɓoye mana?"

Auta ta ja ƙunshin za ta kwance, sai ta tsaya. Idon tela ba ya wuce yadi bai duba ba. Daidai kan ƙullin zaren ya tsitstsinke, ga 'yan huji a jere, wasu sababbi wasu tsofaffi. Ba ɓera ba ne. Haƙoran mutum ne. Nan take ta hango Baba a ranta, yana cikin sito da rana tsaka, ya juya wa ƙofa baya, yana fama da ƙulli da baki. Ko ya ci sa'a ya kwance, wa zai riƙe masa kular ya murɗe murfin? Tausayi ya kama ta. Ba ta ce wa Mama komai ba, domin Mama ba ta iya ganin abu ta yi shiru, kuma ranar da maganar ta kai kunnen Baba, ranar zai daina ɗaukar abincin gaba ɗaya.

Saura kwana tara ya cika shekara sittin da biyar. Gidansu ba su saba yin wani abu a irin ranar ba, in aka tuna a yi masa addu'a, shi ke nan. Amma Auta ta ga ƙofa. Abin da aka ba ka don kana da ciwo kana iya mayarwa. Abin da 'yarka ta ɗinka maka don ranar haihuwarka kuwa, da wane baki?

Ta sayi kula irin tasa sak, ta samo yadi mai kauri ruwan toka, ta shimfiɗa soso a tsakani don abinci ya riƙe zafi. Jakar farko ta fito kyakkyawa, kamar a ajiye a gilashi. Sai ta sa maƙwabciyarta mai sayar da zare ta ɗaure mata hannun hagu a baya da tef ɗin awo, ta cika kular da ruwa, ta zauna ta gwada. Zif ya ƙi ja, jakar sai bin hannunta take yi a kan tebur. Da ta danne da haɓa ta buɗe, murfin ya shiga juyawa tare da kular, ruwan ya ƙare a cinyarta.

"Ke kam in kwastoma ya shigo ya gan ki haka, cewa zai yi ɓarauniya muka kama," in ji mai zare, tana dariya har da riƙe ciki.

"Yi dariyarki. Miƙo min reza in farke."

Sau uku tana farkewa. A ta biyu ta sa wa zif ɗin zoben ƙarfe da babban yatsa zai shiga. A ta uku ta je wurin mai faci ta karɓo tsohon tub na keke, ta wanke, ta yanka, ta zagaye cikin jakar da shi, robar ta cafke kular ta hana ta juyi. Allura biyu ta karye a kan robar nan, keken ɗinkin yana ta kuka kamar an sa shi aikin da ba nasa ba. A ta huɗu ta ɗinka madauki a gindi, wanda mutum zai zura ƙafa ya taka, jakar ta tsaya cak a tsakanin ƙafafunsa. Ta taka, ta ja zobe, ta murɗe murfi. Ya buɗe, ko ɗigo bai zuba ba. Daga waje kuwa jaka ce kawai, babu abin da ke cewa ta majinyaci ce.

Ranar ta zo, ta kai masa da hantsi, ranar ba aiki. Yana zaune a tsakar gida yana jin rediyo. Ta durƙusa ta gaishe shi, ta ajiye a gabansa.

"Baba, ga tsarabar ƙarin shekara. Allah ya ƙaro wasu masu albarka."

Ya juya jakar, ya leƙa ciki, ya shafa robar. Ya daɗe yana kallon madaukin. Auta ta yi tsuru-tsuru, tana shirya bayani kala uku a ranta.

"Allah ya yi miki albarka," ya ce, ya tura ta ƙarƙashin kujera, ya ƙara wa rediyo murya.

Ta koma shago jiki a sanyaye. Kwana uku ba ta leƙa gida ba, ko waya ta kasa yi wa Mama, don tsoron abin da za ta ji. Duk mai gadin da ya wuce ta ƙofar shago sai ta dubi hannunsa.

Rana ta huɗu da la'asar tana kan keke, inuwa ta tare mata haske. Baba ne, da kayan aiki a jikinsa, ya sha mur. Ya ɗora jakar a kan yadin da take ɗinki. Gabanta ya faɗi, ta miƙe tana lalubar gaisuwa.

"Ke tela ce ko mai ɓarnar yadi?" ya ce. "Wannan abin na ƙasa ya yi kaɗan. Da silifas kika auna? Takalmin aiki nake sawa, da ƙyar yake shiga. Sannan babu wurin cokali. A aljihu zan riƙa yawo da shi kamar biro?"

Ta ɗauki jakar. Madaukin ya yi baƙi da shatin takalmi, garin katako ya maƙale a ɗinkin. A bakin zif ga ɗigon mai ya bushe, da ƙwayar shinkafa guda. Wata ajiyar zuciya ta ƙwace mata, ta koma ta zauna. Duk tela ya san ba a kawo gyaran abin da ba a amfani da shi. Daɗi ya cika ta har ta rasa inda za ta sa idonta, sai ta sunkuya tana neman almakashin da ke gabanta.

"Yanzu zan gyara, Baba. Zauna."

Ya zauna a bencin kwastomomi, ya ɗora hannun hagun a cinya, yana kallon yadda take farke ɗinkin. Can ya ce, ba tare da ya dube ta ba, "Wa ya gwada miki ita kafin ki kawo?"

"Ni ce."

"Da hannu nawa?"

"Ɗaya."

Ya juya yana kallon motocin da ke wucewa a titi. Sai da ta zura sabon zare ta taka keken sannan ya gyara murya.

"Ki yi ɗinkin biyu-biyu," ya ce. "Kuma ki hanzarta. Gobe da ita zan fita."