Hebiwet na Ƙofar Atiku

Alhaji Malami ya shekara ashirin da barin dambe, amma har yau in ya shigo layin 'yan hatsi, inda shagonsa yake, sai an matsa masa hanya. Ƙato ne, wuya kamar na bajimi. Zayyanu kuwa, ɗan ƙanen babansa da suka tashi gida ɗaya a Ƙofar Atiku, siriri ne mai tabarau, malamin jami'a.

Ranar taron unguwa kan magudanar ruwan da ta toshe, mai gabatarwa ya ɗauki lasifika ya ce, "Jama'a, yau hebiwet ɗinmu na nan, Dakta Zayyanu!" Wuri ya ɗauki tafi. Malami na layi na uku, hannuwansa a kan gwiwa. Ya san kalmar. A rediyo yake jin ta in ana labarin damben Turawa.

Da ya koma gida, ko hula bai cire ba ya kira babbar 'yarsa Saudatu, wadda ke koyar da Turanci a sakandare.

"Ke Saudatu, hebiwet mi shika nufi?"

"Ajin 'yan damben da suka fi kowa nauyi ne, Baba."

"To Zayyanu kilo nawa gare shi? Buhun gero ya fi shi."

Ta danne dariya. "Ana kuma faɗa wa mutumin da maganarsa ke da nauyi, wanda in ya yi magana ake saurare. Ɗan siyasa, ko malami irin Baba Zayyanu."

"Ni na kada mutum goma sha bakwai a fili, ba a taɓa ce mani hakanga ba. Kalmar dambe ce, an ɗauka an ba mai alli."

Abin ya tsaya masa a rai mako guda. Ranar da aka yi walimar auren wani maƙwabci, tun da safe ya aika wa mai gabatarwar nan da shadda, tare da saƙon abin da yake so a kira shi. Mutumin ya cika alkawari, har ya ƙara nasa: "Ga hebiwet na gaske, Alhaji Malami, wanda kujera ɗaya ba ta isarsa!" Aka kwashe da dariya. Malami ya zauna zufa na keto masa.

Zayyanu bai yi dariya ba, wannan ma ya ƙara ƙona wa Malami rai. Bayan an watse Zayyanu ya zo ya durƙusa kusa da shi.

"Yaya, masu zuba shara a magudanar nan sun ƙi jin tawa. Sau uku ina zuwa. Ko za ka yi masu magana?"

Washegari Malami ya je ya tsaya a bakin magudanar, ya kira masu shagunan wurin da sunayen iyayensu. Bai ɗaga murya ba. Kafin la'asar an fito da shebur da baro, kwana biyu ruwa ya wuce.

Ran Juma'a yana cin tuwo aka karanta labarin a rediyo: al'ummar Ƙofar Atiku sun yashe magudanarsu a ƙarƙashin jagorancin Dakta Zayyanu. Ya jira har aka shiga wani labarin, sannan ya miƙa hannu ya kashe.

"Inno!" ya kira matarsa. "Miyag ga ba gishiri."

Ta leƙo daga madafi ta dube shi, ta dubi kwanon da ya kusa cinyewa, ta koma ciki.