Gada a Cikin Hayaƙi

Shekara uku Ɗantala maharbi yana hana Sharafaddeen, mai sayar da turare a unguwar Kilomita Biyar, binsa farauta.

"Alhaji, gada tana jin almiskinka tun daga unguwar Miskine," in ji maharbin.

Da rani, da wuta ta kama dajin hanyar Boali, ya ce masa, "Yau taho. Hayaƙi ya toshe musu hanci."

Haka kuwa aka yi. Wata gada ta tsaya taku goma daga Sharafaddeen, tana ta sansanar iska, ba ta ji shi ba. Shi ma da hancin nan yake ciyar da iyalinsa.

"Harba mana," Ɗantala ya raɗa masa.

Sharafaddeen ya sauke bindiga. "Baba, bari iska ta washe tukuna. In ta ji ni ta gudu, rabonta ne."