Ƙwan Wake-waken Marka

Da rana tsaka muzuru ya ɗauke wake-waken kazar Marka, ita ce kuwa ta ƙarshe a irin kajin da uwarta ta ba ta ranar da aka kawo ta Maska, shekara arba'in ke nan. Ta bar ƙwai bakwai a akurki, ko kwanci ba ta fara ba. In ba a samu kazar da za ta kwanta musu cikin mako ba, iri ya ƙare.

Kaza ɗaya ta rage a gidan, jar nan mai yankakken baki da ɗanta Awaisu ya kawo daga gidan gonar da yake aiki a Funtua. Ƙwai kam tana yi, kullum ɗaya, ƙato, jaja-jaja. Marka ta kama ta, ta ɗora a kan ƙwan wake-waken, ta kife da kwando. Shegiyar kaza ta miƙe tsaye ƙiƙam tana zare ido. Aka danne kwandon da dutse. Washegari da Marka ta buɗe, sai ta tarar ta saki nata ƙwan a ciki, ta take biyu na wake-wake, har tana shan gwaiduwa.

"Amma ke an yi 'yar banza! Ci kamar gara, zama ya gagare ki?"

Ta sa aka kira mata Awaisu a waya.

"Inna, ai irin waɗannan ba sa kwanci," in ji shi. "Haka aka yi su."

"Aka yi su? To ita wa ya ƙyanƙyashe ta?"

"Inji."

"Injin yana ina in kai masa nawa?"

"Can Kudu, Inna. 'Yan tsaki ake kawo mana a mota."

Takaici ya hana ta ko sallama. Ta jera biyar ɗin da suka rage a ƙoƙo da dusa, ta rufe da mayafi, ta shiga gari gida-gida neman kaza mai kwanci. Gida na farko jajaye. Na biyu an ce annobar bara ta share kajin Hausa, sai jajaye. Kai! Har ƙauyen Maguzawa ta taka, tana cewa nan dai ba za a rasa ba, sai ga jajaye uku suna mata kallon baƙuwa.

A rana ta tara ta isa wurin ƙawarta Ladidi, ƙafa ta kumbura. Ladidi ta ɗauki ƙwai ɗaya ta girgiza a kunne, ta ɗauki wani ta girgiza.

"Sun yi ruwa, Yaya Marka." Ta shiga ɗaki ta fito da jajayen ƙwai biyar. "Riƙe waɗannan, ai sun ma fi girma."

Marka ta dube su, ta ji kuka ya taso mata.

"Ladidi, na ce miki yunwa nake ji?"