Kunnen Mai Aski, Idon Tabarau

"Kai ka yi mana karatun, ni in yi mana sauraren," in ji mai aski, yana karkaɗe tawul. "Aski kuma kyauta, har sanƙonka ya cinye abin da ya rage."

Tabarau, mai sayar da tsofaffin littattafai a ƙofar shagon, ya shafa kansa. "Ka zaɓi kan da ba aiki, mugu. Na yarda."

Makarantar yamma ce ta buɗe ajin Turanci na manya, amma sai an gwada mutum ta waya kafin a ba shi kujera. Mai aski yana jin Turanci tar, ya tsince shi a rediyo da bakin masu zuwa aski. A rubuce ne bai san hawa ba bai san sauka ba. Ga jikanyarsa kullum sai ta haye cinyarsa da littafin wani jirgin ruwa, ta ce, "Kaka, karanta." Ya daɗe yana ƙaga mata labari daga hotuna, sai ga shi ta fara bin layi da yatsa tana kallon bakinsa. Kujerar ajin yake so, yana kuma tsoron faɗuwa gwajin. Shi kuwa Tabarau ya iya karatu, amma in aka yi Turancin da baki sai ya ji kamar ruwan sama a kan kwano.

Da la'asar suka yi gwajin, suna musayar wayoyi. Da aka zo wajen karatu, mai aski ya kishingiɗa a kujerar aski. Fanka tana juyawa a kasalance. Cikin madubi ya ga haruffa suna tashi daga wayar Tabarau kamar guntun gashi, suna sauka a kafaɗar wani dattijo mai kunnensa da idon Tabarau. Dattijon ya ɗauki yarinya ya buɗe littafi, jirgin ya fito daga shafin yana ratsa shagon a hankali, tsakanin kwalaben mai.

Da sakamako ya fito, mai aski ya je makarantar. Malamar ta juyo masa da kwamfuta, ya ga korayen sanduna masu nuna maki, duk sun kai sama.

"Baba, me ya kawo ka ajinmu? Ba abin da ka rasa."

"Na ci ke nan, 'yata?"

"Ba ci ba faɗuwa. Na'urar tana auna amsoshinka da na dubban mutane, ta lissafa inda mutum yake ɗingishi, ko ji, ko karatu, ko haɗa jimla. Ko canka ka yi ka dace, tana da lissafinsa. Ajin karatu na waɗanda ta ga sun rasa karatu ne, kuma ya cika jiya."

Ya tsaya yana kallon sandunan. Na'ura ba ta yi ƙarya ba, mutumin cikin madubin ta auna, shi kuwa wannan ba ya bukatar kowa.

"Yaushe ake sake gwajin?"

"Sai baɗi, Baba."

Tabarau ya ci riba: dama shi ba aji ya dame shi ba, ya sa takardar sakamakonsa a gilashi ya rataye saman littattafai. Wata mata mai wanki da ta amsa komai da kanta ta samu kujerar ƙarshe. Mai aski ne ya yi asara, don kafin baɗi jikanyarsa za ta iya karanta shafin da kanta.